Amsa: Yadda ake gyara ƙoƙon kan ragon layya don a rataye shi

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka tambaya yadda za ka tsabtace kan ragon Uda da za ka yi layya da shi, domin ka rataye ƙoƙon tare da ƙahoninsa a shago ba tare da ya yi wari ba. Na daɗe ina gyara kawunan raguna da na shanu, kuma abin da na fahimta shi ne maiƙo ne yake lalata wannan aiki, domin nama yana fita cikin sauƙi, amma kitsen da ya shige cikin ƙashi shi ne yake dawowa bayan watanni da launin rawaya da ƙarni.

Aikin yana farawa ne tun a hannun mahauci. Ka gaya masa kada a yi wa kan babbaka, kada kuma a sare shi da gatari, a feɗe shi da wuƙa kawai. Harshe da naman kumatu a kai wa mutanen gida. A cire idanu, a raba muƙamuƙin ƙasa, sannan a zura lanƙwasasshiyar waya ta ramin da ke ƙeya, a dagargaza ƙwaƙwalwar, a wanke ta da ruwa har ta fita tas.

Ƙahon rago kube ne da ya lulluɓe ƙashi, kuma a tsakaninsu akwai nama mai jini. Yawancin kawunan da suke wari a bango, wannan naman ne aka bari. Ka ɗaure kan cikin leda, ka ajiye shi a inuwa inda kare ba zai kai gare shi ba, a zafin ƙasarmu cikin mako ɗaya zuwa biyu kuben zai saki, sai ka murɗa shi ya fito. Ƙahon Uda yana da murɗiya sosai, saboda haka a bi shi a hankali. Ka wanke cikin kuben da sabulu, ka datse tsinin ƙashin da zarto, ka bar kamar rabinsa.

Daga nan sai a nutsar da ƙoƙon a bokitin ruwa mai murfi, a ajiye a rana nesa da ɗaki, har ragowar naman ya ruɓe ya zube. Idan ƙorafin maƙwabta ba zai bari ba, ana iya ɗora shi a kan wuta kaɗan, amma kada ruwan ya tafasa, domin tafasa tana tura kitse cikin ƙashi, tana fasa haƙora, tana kuma ruguza siraran ƙasusuwan cikin hanci waɗanda su ne adon ƙoƙon. Haƙora za su zube, don haka ka tace ruwan kafin ka zubar. Takwas ne na gaba, duk a ƙasa suke, rago ba shi da su a sama.

Sai matakin da mutane suke gajiya da shi: jiƙo cikin ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ana sauya ruwan duk lokacin da ya yi gurɓi, har sai maiƙo ya daina tasowa. Ragon da aka yi wa turka yana iya cin fiye da wata guda a nan.

Wajen mayar da ƙashin fari, ka guji ruwan bilicin wanki irin su Hypo. Zai ba ka fari nan take, amma yana ci gaba da cin ƙashin har ya riƙa zubar da gari kamar alli. Ka sayi haidirojin faroksaid na kashi 3 cikin 100 a kemis, ka jiƙa ƙoƙon kwana ɗaya zuwa uku, kada ya taɓa ƙahonin. A shanya a inuwa, domin rana da iskar hunturu suna tsaga haƙori. Idan ya bushe sarai, a mayar da haƙora da ƙahoni da gam.

Ka sa safar hannu a duk aikin, kuma kada ka ɗauki kan mushe, ko da ƙahonsa ya burge ka. A watan Yulin 2023 an tabbatar da cutar antiraks, wadda take kashe dabbobi tana kuma kama mutane, a wata gona da ke yankin Suleja a Jihar Neja, kuma ƙwayoyin cutar suna daɗewa shekaru a jikin ƙashi da fata. Bayan ka rataye, ka riƙa leƙa gindin ƙahonin, saboda ƙwaron nan da yake cin busasshen kifi da ƙirgi yana cin ƙaho, kuma alamarsa ita ce gari da yake zubowa ƙasa.