Amsa Ga Ɗan Yayata Mai Shirin Zuwa Karatu Ingila

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma shi ne na huɗu irinsa da na samu daga gida tun bayan ƙaramar Sallah. Sauran ukun ban ba su amsar da ta wuce layi biyu ba. Kai kuwa na zauna na rubuta maka da tsawo ne saboda Yaya ta kira ni da kanta a kan maganar, ni kuma ban taɓa iya tsallake maganarta ba. Ka ce wata jami'a a nan ta ba ka gurbin digiri na biyu a kan fam 16,000, wani ejan ya yi alkawarin zuba maka kuɗi a asusu har biza ta fito sannan ya kwashe abinsa, kuma kana son sanin abin da mutum ya fi bukata don ya tsaya da ƙafarsa a ƙasar nan. Daga yadda ka jera tambayar na gane cewa amsar da kake jira ita ce hanya, wato wani babba da zai tsaya maka, kuma a lissafinka babban nan ni ne.

Zan fara da kuɗi don mu kawar da shi, tun da lissafinsa a fili yake. Hukumar shige da fice tana son ganin kuɗin makaranta da na zaman wata 9 sun kwana 28 a jere a asusunka, kuma na zaman ya haura fam 1,000 a kowane wata ko da a wajen Landan ne. Akwai kuma harajin lafiya, wanda aka mai da shi fam 776 a shekara ga ɗalibi a farkon 2024. Ejan ɗinka yana iya rufe maka wannan ramin na kwana 28, amma zanen aro ba ya rufe katara, domin ranar da ka sauka daga jirgi kuɗinsa sun koma aljihunsa, jami'a kuma tana jiran nata. Doka ta ba ɗalibi awa 20 kacal na aiki a mako lokacin da ake karatu, kuma mafi ƙarancin albashi a 2025 fam 12.21 ne a awa, wato kusan fam 1,000 a wata, wanda hayar ɗaki ɗaya a gidan haɗaka za ta cinye kusan rabinsa. Ka zauna da biro ka nuna mini inda fam 16,000 zai fito daga ragowar. Lokacin da na zo a 2015 fam ɗaya kusan naira 300 yake a farashin gwamnati. Bayan da aka saki naira a 2023 ya bi ya haura 1,900, kuma na ga yaran da iyayensu suka sayar da fili suka turo su, kuɗin filin ya narke kafin a biya kashi na biyu, aka rufe musu shafin makaranta, bizarsu ta shiga haɗari. Idan kuma aka gano yaudara a takardun biza, haramcin shiga ƙasar yana iya kai shekara 10. Ba zan sa hannu a wannan ba, kuma na gaya wa Yaya haka.

Duk da haka, ba rashin kuɗi ne ya fi wahalar da ni ba. Abin da ya kusa kayar da ni kunya ce, irin wadda aka yi mana tarbiyya da ita kuma muke alfahari da ita. A makon farko da na shiga ofishin malamar da ke duba aikina, na tsaya a bakin ƙofa ina jiran a ce in zauna, na sunkuyar da kai, duk abin da ta faɗa sai in ce to, alhali rabin maganarta ban kama ba saboda saurin harshenta. Wata uku na yi a haka, ina komawa ɗaki ina juya takardu cikin duhun kai, ina ganin cewa sake tambayar babba rashin ladabi ne. Ita kuwa, kamar yadda ta gaya mini daga baya, ta ɗauka cewa ko ban damu da karatun ba, ko kuma akwai abin da nake ɓoyewa, tun da ba na yarda mu haɗa ido. Aikina na farko ya dawo da jan layi a shafi bakwai, domin na kwaso maganganun masana yadda suke, kamar yadda muka saba da hadda a gida, ban san cewa akwai manhajar da ke kama kwafe ba, ban kuma san cewa a nan satar rubutu laifi ne da ake korar ɗalibi a kansa ba. Da na buɗe baki tun ranar farko na ce ban gane ba, da minti goma ya ishe ta ta fahimtar da ni.

Kada ka ɗauka ina cewa ka zubar da kunya a filin jirgin Kano. Akwai wadda za ta hana ka yin ƙarya a takarda da taɓa kayan mutane, wannan ka riƙe ta da haƙoranka. Wadda nake gargaɗinka a kanta ita ce mai hana mutum tambaya da faɗin cewa ba shi da shi, kuma ƙawarta ita ce girman kai. Ni da na baro gida ana ce mini injiniya, aikin dare na yi a gidan kula da tsofaffi shekara ɗaya da rabi, ina yi wa wani dattijo wanka, ina canza masa shimfiɗa, ina ba shi abinci a baki, shi kuwa kullum da safe sai ya sake tambaya ta sunana saboda ciwon mantuwa. Na ɓoye wa kowa a gida, har mahaifiyarka. Yau da nake aiki a fannin da na karanta, da gidan da nake biya da gumina, wasiƙar shaida da shugabar gidan tsofaffin nan ta rubuta mini, cewa ban taɓa makara ba ko sau ɗaya, ita ce ta buɗe mini ƙofar farko. Babu wani babba da ya yi mini waya.

A nan ne zan gaya maka abin da ya sa na yi sanyi da masu neman in tsaya musu. Shekaru kaɗan da suka wuce wani yaro ɗan unguwarmu ya zo, mahaifinsa abokin marigayi Baba ne, kuma da yake masu gidajen haya ba sa ba baƙo ɗaki sai wani mazaunin ƙasar ya ɗauki lamuninsa, na sa hannu ba tare da na yi shawara da iyalina ba. Ya biya wata biyu, ya tattara kayansa ya koma wani gari, ya canza lambar waya. Hayar wata huɗu ni na biya, a daidai lokacin da matata ke da tsohon ciki. Kuɗin sun daɗe da fita daga raina, amma har yau ban manta da cewa da na kira mahaifinsa, abin da ya ce mini shi ne in yi haƙuri, ai mu da ke Turai ba ma rasawa. Yaron yana nan har yanzu, kuma duk Bahaushen da ke garuruwan nan ya san labarin, domin mu kaɗan ne kuma magana ba ta kwana. Babu wanda zai sake nuna masa gurbin aiki ko ya ranta masa fam goma. Shi yana ganin ya ci riba.

Maganar lafiya ba zan ja ta ba, amma kada ka raina ta. A watan Disamba rana tana faɗuwa a arewacin Ingila kafin ƙarfe huɗu na yamma, Azahar da La'asar da Magariba duk su faɗo maka cikin awa huɗu kana aji ko wajen aiki, azumina na farko kuma a watan Yuni na 2016 ya haura awa 18. Sanyi riga ke maganinsa, kaɗaici ne ba a sayar da maganinsa a kanti, kuma tun daga Janairun 2024 mai digiri na biyu irin naka ba shi da izinin kawo mata, don haka auren gaggawar da na ji ana shirya maka ba zai raka ka ba. Za ka kuma bukaci ƙarfin zuciyar ce wa 'yan uwa babu, domin daga ranar da ka ɗora hotonka na farko a cikin dusar ƙanƙara, wayarka ba za ta huta da bukatun suna da biki da kuɗin asibiti ba, kuma wanda ya kasa cewa babu da kuɗin makarantarsa zai biya.

Ga abin da zan iya yi. Ka rubuta wa jami'ar da kanka, ba ta hannun ejan ba, ka roƙi a ɗage maka gurbin zuwa baɗi, ka turo mini amsar da suka ba ka. Ka nemi tallafin karatu na Chevening ko na Commonwealth da gwamnatin Birtaniya ke ba ɗaliban waje, zan duba maka takardun layi bayan layi, kuma zan yi maka gyara ba tare da tausayi ba. Kafin nan ka riƙe aikin da kake yi, ka tara abin da ya samu a asusu mai sunanka. Ka kuma shiga madafi wajen Yaya ka koyi tuƙa tuwo da kaɗa miyar kuka, domin na ji an ce har yanzu ƙannenka mata ne ke dafa maka shayi. Ka gaishe ta, ka ce mata zan kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.