Amsa: Su wa ke da hannu a hidimar tsofaffi a Kano?

Malam, ka tambayi ƙofar da za ka buga saboda mahaifinka. Ya danganta da inda ya yi aiki. In ma'aikacin jiha ne ko na ƙaramar hukuma, fanshonsa na hannun hukumar fansho ta jihar Kano. In na tarayya ne a tsohon tsari, PTAD ce, wato hukumar tarayya mai biyan 'yan fanshon tsohon tsari. Harkar magani kuwa, fara da asibitin unguwa ka tambayi rajistar KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, kada ka ruga Asibitin Murtala tun farko. Wanda ba shi da komai, mai unguwa zai shaide shi gaban Hukumar Zakka da Hubusi.

Inda ake yawan maƙalewa shi ne takardu: suna ko ranar haihuwa a NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) ya saɓa da na BVN (lambar tantancewa ta banki), sai biya ya tsaya. Gyara wannan tukuna.