Fom Ya Ƙi Tafiya, Maɓalli Ya Ƙi Dannuwa: Amsoshin Tambayoyinku

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan burauza suka taru, don haka na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun da na cire batirin wayata na mayar, kowane shafi na buɗe a Chrome sai ya ce "Your clock is behind". Ko kutse aka yi min? (Wani mai shago daga Gusau)

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ba wanda ya yi maka kutse, Alhaji, wayarka ce ta koma shekarun baya. Kowane shafin da adireshinsa ya fara da https yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, burauza kuwa da agogon wayarka take auna su. Gyara kwanan wata, ka bar shi yana saita kansa daga layi.

Tambaya: Malam, ina cike fom ɗin rajistar makarantarmu, na zaɓi jiha amma akwatin ƙaramar hukuma ya ƙi fitar da komai. Da ƙyar na wuce wurin. A wajen biyan kuɗi na danna maɓallin sau uku bai motsa ba, sai ga saƙon banki har biyu an cire min kuɗi. Da Opera Mini nake yi saboda tsadar data. (Wata ɗaliba daga Kano)

Amsa: Malama, amsarki tana cikin jimlarki ta ƙarshe. Wannan matsala ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, don haka yau zan yi bayani dalla-dalla ko Allah zai sa a ji.

Kusan duk abin da ke motsi a shafin intanet, JavaScript ne ke motsa shi, wato yaren da ake rubuta wa shafi umarni da shi. Ki zaɓi Kano a akwatin jiha, ƙananan hukumomi 44 su jeru a akwati na biyu ba tare da shafin ya sake buɗewa ba, aikinsa ne. Agogon da ke ƙirga miki daƙiƙu kafin lambar OTP, wato lambar sirrin da ake turo miki ta amfani sau ɗaya, ta mutu, jan rubutun da ke cewa lambar wayarki ba ta cika 11 ba, maɓallin da ke dusashewa da zarar an taɓa shi don kada a danna sau biyu, duk shi ne. A Chrome ko Firefox, cikin wayarki wannan aikin yake gudana, nan take.

Opera Mini kuwa, idan tana kan "Extreme", wayarki ba ta zuwa shafin makarantar da kanta. Kwamfutocin kamfanin Opera ne ke buɗe shafin, su bar JavaScript ya yi aiki na 'yan daƙiƙu, su tsayar da shi, su matse abin da ya fito su aiko miki. Abin da ke hannunki kamar hoton kasuwa ne: ga rumfuna ga kaya, amma ba mai miƙo miki komai sai an koma can an sake ɗauko wani hoton. Da haka take rage cin data, kuma dabara ce da ta yi wa mutane rana tun zamanin ƙananan Nokia masu madannai. Don karanta labarai da duba sakamakon ƙwallo, har gobe ba ta da laifi. Sai dai fom mai motsi da shafin biyan kuɗi ba don wannan hanyar aka gina su ba. Mai yiwuwa dannawarki ta farko ta isa, maɓallin bai samu damar kulle kansa ba, ke kuma kika ƙara masa.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Tunda kwamfutar Opera ce ke buɗe shafin a madadinki, makullin da ke ɓoye bayananki ba daga wayarki kai tsaye zuwa banki yake ba. A tsakiya ake kwance shi a sake ɗaurewa, kamfanin ma bai ɓoye hakan ba. Ban ce suna taɓa wa kowa komai ba. Cewa nake yi lambar katinki ba ta da dalilin bi ta hannu na uku don kawai ki tsira da 'yan megabait. Mutum zai ƙone gigabait guda a TikTok kafin la'asar ko a jikinsa, amma da an zo kan fom ɗin da karatunsa ya rataya a kai, nan rowar data ke motsawa!

To ga abin yi. Ki sake buɗe shafin a Chrome, ko ki shiga saitin Opera Mini ki kashe "Data savings" gaba ɗaya. Idan a Facebook kika ga adireshin, kada ki cike fom a can, domin manhajar tana da 'yar burauzarta ta ciki. Danna ɗigo ukun nan na sama ki zaɓi buɗewa a burauzar waje. Ni burauza biyu nake ajiyewa a waya, ɗaya ta karatu, ɗaya ta kuɗi da fom, kuma ina roƙon kowa ya yi haka. Maɓallin biya sau ɗaya ake danna shi, a jira. Kuɗinki da aka cire sau biyu kuma, ki adana saƙonnin bankin, ki kai su bankinki da sashen kuɗi na makarantar.

Tambaya: Yallaɓai, ina koyon gina shafi. Maɓallin da na yi ba ya aiki, Console yana nuna "Cannot read properties of null". Kuma idan na gyara fayil na ɗora, mai shafin sai ya ce tsohon yake gani. (Wani ɗalibin kwamfuta daga Zariya)

Amsa: Ƙanena, ka yi ƙoƙari da ka san F12, maɓallin da ke buɗe Console, wurin da burauza ke nuna kurakuran shafi, saura ka riƙa karanta abin da ya fito. Burauza daga sama take karanto shafi. Ka sa fayil ɗin JavaScript a cikin head, wato sashen sama na shafin, ya tashi neman maɓallin da ba a kai ga ƙirƙira ba tukuna, getElementById, umarnin da ke nemo maɓallin da sunansa, ya dawo masa da null, wato babu komai. Ƙara defer a jikin script ɗin don ya jira a gama karanto shafin, ko ka mayar da shi ƙarshen body, wato gangar jikin shafin. Idan bai warware ba, duba sunan id, domin "aika" da "Aika" ba ɗaya ba ne a wurinsa. Ta biyun kuma tsohon kwafi ne burauzarsa ta ajiye. Kai ka danna Ctrl da Shift da R, shi kuwa kada ka wahalar da shi, canza sunan fayil ɗin ko ka liƙa ?v=2 a ƙarshen adireshinsa a cikin script ɗin, kana canza lambar duk lokacin da ka yi gyara.

Tambaya: Shafina lafiya lau a Android, amma a wata iPhone wurin kwanan wata sai ya nuna "Invalid Date". Na ce a sa Chrome a wayar, duk da haka bai gyaru ba. (Wata mai gina shafuka daga Kaduna)

Amsa: Ba zai gyaru ba, Hajiya. Chrome na iPhone da injin Safari, burauzar Apple, yake tafiya, wato WebKit, riga kawai aka canza. Tsofaffin Safari ba sa karɓar "2025-03-01 08:30". Cire tazarar ki sa T, ya zama "2025-03-01T08:30". Kafin ki ɗauki kowace sabuwar dabara, leƙa caniuse.com, shafin da ke nuna burauzar da ke karɓarta, kuma ki nemi tsohuwar waya mai araha ki riƙa gwaji da ita, don irinta ce a hannun akasarin masu buɗe shafinki.

Tambaya: Kwamfutocin shagona Windows 7 ne. Wasu shafuka fari fat suke fitowa, Chrome kuma ya ƙi sabuntuwa. (Wani mai kafe daga Maraɗi)

Amsa: Chrome 109 na Janairun 2023 shi ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7. Sababbin shafuka na zuwa da JavaScript ɗin da bai sani ba, kuskure ɗaya kuma ya isa ya bar maka farin allo. Wadda za ta iya ɗaukar Windows 11 ka sa mata, sauran ka sa musu Linux Mint, wani tsarin da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows. Kana karɓar kuɗin jama'a kana cike musu fom, ka tausaya musu.

Tambaya: An turo min wani rubutu a WhatsApp, wai in liƙa shi a Console in ga masu leƙa shafina na Facebook. Chrome ya ce sai na rubuta "allow pasting". In rubuta? (Wani matashi daga Jos)

Amsa: Kul! Duk abin da ka liƙa a Console da ikonka yake gudana, a cikin asusunka da ke buɗe, zai iya tura saƙo da sunanka ko ya kwashe bayananka. Facebook da kansa ya rubuta "Stop!" da jan rubutu a wurin saboda irin wannan damfarar, kuma bai ba kowa hanyar ganin masu leƙa shafinsa ba. Goge saƙon, ka gaya wa wanda ya turo maka ya canza kalmar sirrinsa idan ya riga ya gwada.