Amsar Kawu Kan Yadda Za a Tuna da Marigayi Saje

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da iyalinka kuna lafiya a Abuja, saƙonka ya iso ni a nan Jos. Ka ce abokan aikinka sun ba ka shawarar a shirya taro ranar arba'in ɗin kakanka, a gayyato ƙungiyar tsofaffin sojoji su zo da tuta da begila, a kuma buga kalanda mai hotonsa, kana tambaya ko al'adarmu ta yarda da haka. Allah ya jiƙan Saje, ya kyautata makwancinsa. Na ji daɗin tambayar, domin wanda ya tambayi hanya ba ya ɓata.

Haƙƙin mamaci a wurinmu yana da tsari. An yi masa wanka da sutura, an sallace shi, an kai shi maƙabartar hanyar Zariya a ranar da ya cika, an kuma yi zaman makoki na kwana uku. Abin da ya rage shi ne a nemi duk wanda ke bin sa bashi a biya, a zartar da wasiyyarsa muddin ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ya bari ba, sannan a raba gado. Kakarku kuma tana cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, kuma a wannan lokacin ne ƙafa take ɗaukewa, gida ya yi mata faɗi. Tun da kana kusa da hukumar fanshon sojoji, ka karɓi takardar sallamarsa daga aiki da takardar shaidar rasuwa, ka bi mata haƙƙinta. Wannan ya fi kowane taro gaggawa.

Sadakar uku da bakwai da arba'in abu ne da muka taso muka tarar. Mata su daka gumba, a soya waina, malamai su sauke Alƙur'ani, a raba wa maƙwabta da almajirai. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a garin nan a 1978, ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, malamai suka rabu a kan lamarin: wasu suna ganin ware waɗannan ranaku bidi'a ne, wasu kuma suna ganin sadaka da addu'a ne kawai aka sa wa lokaci don kada a manta. A gidanmu akwai masu bin kowane ɓangare, ka sani. Abin da na tsaya a kai shi ne, babu wanda ya musa cewa sadaka da addu'a suna isa ga mamaci. Wanda zai yi ranar arba'in ya yi, wanda zai yi wata rana ya yi, amma kada a ci bashi don kafa rumfa da hayar kujeru, kuma kada sunan mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sasanta jama'a ya zama sanadin gaba tsakanin jikokinsa.

Batun begila kuwa, ba na raina shi. Kakanka ya shiga soja tun Turawa ba su tafi ba, a hannun mutanen da suka yi yaƙin ƙasar Bama (Burma) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ya koyi aiki. Yana cikin waɗanda aka kai Kwango aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya gudana tsakanin 1960 da 1964, sannan ya ga yaƙin basasa daga 1967 har ƙarshensa a 1970. Bai taɓa ba mu labarin yaƙin nan da alfahari ba, sai dai ya ambaci abokansa da ba su dawo ba ya yi musu addu'a. Ƙasa ta ware wa irinsu ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin ya ƙare, kuma a nan ne tuta da begila da fareti suke da muhalli. Ka halarta a ranar, ka sayi alamar tunawa da ake sayarwa don taimakon iyalan mazan jiya, ka je da 'ya'yanka su gani. Amma ƙofar gida a ranar sadaka wurin addu'a ne. Idan tsofaffin abokan aikinsa suka zo, Musulmi ne ko Kirista, Birom ne ko Angas, ku tarbe su da girmamawa, ku shimfiɗa musu a zaure, ku zauna ku saurare su, domin sun san wani ɓangare na rayuwarsa da mu danginsa ba mu sani ba.

Sai dai ina so ka lura, jama'ar da ta cika layi ranar jana'izarsa ba don kakin soja ta zo ba. Yawancinsu ba a haife su ba lokacin da ya tuɓe shi. Sun zo ne saboda shekarun da ya yi a aikin agaji: shi ne mai tsara sahu da tare hanya ranar Juma'a da Idi, shi ne ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan an yi rasuwa, ya yi wankan gawa, ya shiga gaba wurin haƙa kabari, kuma duk gabatowar damina shi ne yake tara samari su yashe magudanan ruwa. A rikicin 2001 da na 2008, lokacin da hankali ya gushe wa mutane da yawa, ya tsaya a bakin layi ya hana samarin unguwa taɓa gidan kowa, ya raka maƙwabtansa Kirista har inda za su tsira. Ladabin da ya koya a bariki ne ya juyar da shi ga hidimar unguwa, kuma bai karɓi ko kwabo a kai ba.

Saboda haka ban goyi bayan kalanda ba, domin shekara na ƙarewa za a yage ta, hotonsa ya faɗa hannun mai nade ƙosai. Ya tabbata a hadisi cewa aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa sai abu uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Kuɗin da kuka tara, ku sayi diga da shebur da makara ku ba masu hidimar maƙabarta, abin da ya saura a gyara rijiyar masallacin da yake salla. Lambobin yabonsa da hotunansa na soja a adana su wuri ɗaya a hannun babban gida, kada a raba su. Kai kuma da kake da ilimin zamani, ka zo da wayarka ka naɗi maganar abokansa da suka rage, ka rubuta ta, tun suna iya tuna sunayen wurare.

Ka yi ƙoƙari ka iso kafin ranar rabon gado, ka fara sauka wurin kakarku ka yi mata gaisuwa. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka,
Kawu