Hukuncin Dakatar da Maganin Ciwon Daji da Ɓoye wa Maras Lafiya Halin da Yake Ciki

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, kakata ta wajen uwa, wadda ta rene ni, tana fama da ciwon daji na mama, kuma likitoci sun ce ya bazu zuwa ƙashi da hanta, babu sauran fatan warkewa ta hanyar magani. Ta gaji da amai da kasalar da ke biyo bayan kowace allurar kemo (wato maganin asibiti mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin ciwon daji), kullum cewa take a mai da ita gida. Kawunnaina sun hana a gaya mata gaskiya, kuma sun ce dakatar da magani daidai yake da kisa. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah ya ba ta sauƙi, ya sa kaffara ne, ke kuma 'yata, Allah ya saka miki da alherin jinyar da kike yi.

Neman magani abu ne da shari'a ta kwaɗaitar, amma hukuncinsa ba ɗaya ba ne a kowane hali. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a shekarar 1992, ta bayyana cewa yana wajaba idan barinsa zai kai ga halaka ko lalacewar wata gaɓa ko yaɗa cuta ga jama'a, yana kuma iya zama mustahabbi, ko halal kawai, ko ma makaruhi idan ana tsoron illarsa ta fi cutar tsanani. Saboda haka idan ƙwararrun likitoci amintattu sun tabbatar cewa kemo ba zai warkar da ita ba, tana da damar barinsa, kuma babu zunubi a kanta ko a kanku. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas labarin matar nan mai farfaɗiya da Annabi (SAW) ya ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri tare da Aljanna, ta zaɓi haƙuri.

Kawunnanki ƙauna ce ta sa su faɗin haka, amma ƙiyasinsu bai yi daidai ba. Kisa shi ne a ba ta wani abu da nufin gaggauta ajali, wannan kuwa haramun ne ko da ita ta roƙa. Haka nan ba ya halatta a yanke mata abinci da ruwa da tsafta da maganin rage raɗaɗi. Mofin (wato wani maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi) da likita ya rubuta gwargwadon buƙata halal ne, ko da yana sa ta barci, kuma barin tsohuwa tana murƙususu cikin dare da sunan tsantseni ba addini ba ne.

Batun ɓoyewa shi ya fi damuna. Matuƙar tana cikin hankalinta, jikinta ne kuma zaɓin nata ne, ba za ta kuwa iya zaɓa a kan abin da ba ta sani ba. A hadisin Ibn Umar, bai dace Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba. Wataƙila akwai kuɗin adashi a hannunta, ko 'yan kunnen zinare da wata maƙwabciya ta ba ta ajiya, ko 'yar'uwar da suka daina gaisawa tana son su yafi juna. Wasiyyarta kuma ba za ta wuce sulusin dukiya ba, kuma ba a yin ta ga magaji.

Sai dai a faɗa mata da hikima, sannu a hankali, gwargwadon abin da take son ji. Kada a ce mata ta warke, kada kuma a ƙayyade mata kwanaki, domin ajali Allah kaɗai ya san shi. Idan kunya da nauyi sun hana 'ya'yanta, ke jika ce, wasan da ke tsakaninku yakan buɗe maganar da ɗa ba zai iya yi da mahaifiyarsa ba. Ki shawarci kawunnanki cikin ladabi, ku nemi likitanta ya zauna tare da ku. Ku riƙa tuna mata rahamar Allah don ta kyautata masa zato, ta yi salla a zaune ko a kwance kan gefenta yadda ta iya, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci Imrana bin Husaini.

Wallahu a'alam.