Amsar Anti kan ruwan da ke fita a mama ba a shayarwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri, sai yanzu na sauko daga aiki na saurari saƙonninku. Ɗiyata da ta yi tambaya, na ji ki: kin ce yaye ya kai shekara 2, ba ki da ciki, amma kina ganin ɗan tabo a rigar mama, gefen hagu kaɗai, launin ƙasa-ƙasa kamar tsohon jini, kuma ba ciwo. Na ji waɗanda sunka ce ragowar nono ne. Allah shi saka musu, amma a nan ban yarda ba.

Ragowar nono fari ne, mama biyu yake fitowa, galibi sai an matsa, kuma yakan daɗe bayan yaye. Wani lokaci sinadarin da ke kawo nono, furolaktin, shi ke yin yawa a jini. Wani ɗan abu ke fitar da shi ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, bai wuce ƙwayar wake ba. Magunguna ma na tada shi, irin wani maganin amai da ake saye a kemis, da na taɓin hankali, da wasu na tsarin iyali. Irin wannan har al'ada yakan rikita.

To naki fa? Mama guda, ƙofa guda cikin ƙofofin da nono ke fitowa, da kanshi yake zuba, ga alamar jini. Wannan shi ne wanda ba mu bari ya kwana. Kar gabanki ya faɗi, ɗiyata. Mafi yawan lokaci ɗan tsiro ne kamar tusar jaki a cikin hanyar nono, ba daji ba ne, ƙaramin aiki ake yi a cire. Amma sankarar mama ma takan fara a haka, kuma ba ta sallama da ciwo. Ni da nake wannan aiki ba ni iya rabe su da ido, balle mai tallar magani a mota.

Don Allah ki daina matsawa kina dubawa, matsar na ƙara shi. Kar ki shafa komai, kar a yi tsaga. Addu'a kam ki riƙe ta, ki haɗa da asibiti. Cikin satin nan ki tafi UDUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Sifeshalis, wato Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, ki yanki kati, ki ce kina son ganin likitan tiyata. In kunyar namiji ce, ki nemi ma'aikaciya ta tsaya kusa da ke, haƙƙinki ne. Ki tafi da kwalayen duk maganin da kike sha, har na gargajiya ki faɗa. Za su taɓa mama da hammata su ji ko da ƙullutu ko kaluluwa, su yi sikanin. Wadda ta kai shekara 40 akan ƙara mata mamogiram, wato hoton cikin mama da na'ura ke ɗauka. Wataƙila a ɗebi ɗan nama da allura a kai gwaji.

Nan ne inda muke rasa mata, wallahi, wajen komawa. Akwai wata baiwar Allah da anka ce ta dawo bayan sati 2 karɓar sakamako. Ruwan ya ɗauke, ta ce ta warke, ta naɗe takardar ta sa ƙarƙashin kwano cikin kabad. Da ta dawo bayan damina, fatar maman ta yi kamar ɓawon lemo, kan ya shige ciki. Har yau ina ganin hannunta yana rawa tana warware takardar nan.

Saboda haka ko ya tsaya gobe, ki je. Ki gaya wa maigida yau da dare, in bai fahimta ba ki kunna mishi muryar nan. Ran da za ki, ki kira ni tun da safe, in ina bakin aiki ni zan raka ki.