Kada ka jefar da kaset ɗin Baba saboda muryar nan

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Na karanta tambayarka har sau uku, kuma wallahi na san wannan faɗuwar gaban, wadda mutum zai sa iyafis cikin dare yana sauraron muryar mahaifinsa sai ya ji wata murya daban a ƙarƙashinta. Ka ce kaset bakwai ne na karatun da yake ba ɗalibai a zaure, ka juye biyu a kwamfuta, sai ka ji siririyar murya tana riga shi magana, a wani wurin kuma ka ji wani yare da ba ka taɓa ji ba. Ka ce har an ba ka shawarar ka ƙone su. Don Allah kada ka ƙone komai. Kada ma ka sake sa su a rikoda sai ka ɓalle ƴan kunnuwan roba biyu da ke saman kowane kaset, domin idan suna nan yatsa ɗaya a kan jan maɓalli ya isa ya shafe karatun har abada.

Muryar da take riga Baba magana ita ce na fi tabbaci a kanta. Muryarsa ce. Zaren kaset roba ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe mai kama maganaɗisu, kuma a nannaɗe yake falle kan falle. Idan ya shekara ashirin ko talatin a akwati, fallen da aka ɗauki magana mai ƙarfi a kansa yana bar wa maƙwabtansa shatinsa, kamar yadda tawada ke kama bayan takarda. Zafi yana ƙara abin sosai, mu kuma ka san yadda ɗaki mai rufin kwano yake a watan Afrilu. Zaren C90 da C120, wato kaset mai minti 90 da mai minti 120, ya fi na C60 mai minti 60 siranta, shi ya sa ya fi su wannan ciwon. Ga yadda za ka gane: zaren yana tafiya santimita 4.76 a sakan guda, kewaye ɗaya na naɗin kuwa yana cin tsakanin sakan ɗaya da rabi zuwa uku da ɗoriya, gwargwadon kaurin naɗin a wurin. To ka saurara da kyau. Idan siririyar muryar ta faɗi kalma, sannan bayan sakan biyu ko uku Baba ya faɗi wannan kalmar da ƙarfi, magana ta ƙare. An fi jin ta a inda ya yi shiru kafin ya ɗaga murya. Ka tura kaset ɗin gaba har ƙarshe, ka tariyo shi har farko, ka maimaita sau uku ko huɗu, ka bar shi ya kwana, sannan ka sake juyewa. Yana rage ta. Ba ya kashe ta gaba ɗaya, kuma duk wanda ya ce maka zai cire ta tas ba tare da ya taɓa muryar Baba ba, ka riƙe kuɗinka.

Baƙon yaren kuwa, ina kyautata zaton gefen B ne kake ji ta baya. Faɗin zaren duka milimita 3.81 ne, a cikin wannan ɗan faɗin aka raba layi huɗu, biyu na gefen A, biyu na gefen B, kuma tafiyarsu ta saɓa wa juna. Idan hed ɗin rikodar da kake kunnawa da ita, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zaren, ya ɗan goce sama ko ƙasa, ko na wadda aka yi ɗaukar da ita tun farko ya goce, sai ya laso gefen layin maƙwabci. Hausa idan aka juya ta baya ba ka isa ka gane ta ba, numfashi yana zuwa a inda bai kamata ba, kalmomi suna shigewa ciki kamar ana zuƙe su. Dole gashin jikin mutum ya tashi. Ka zaɓi wurin a Audacity, manhajar gyaran sauti ta kwamfuta, ka shiga Effect ka danna Reverse, ka ƙara masa ƙarfi. Sau da yawa a nan take za ka ji Baba ne yana wani darasin na ɗaya gefen.

A nan ne raina yake ɓaci, ka yi haƙuri in faɗa. Sau da yawa hed ɗin da ya goce ba da kansa ya goce ba. Wasu masu gyaran rediyo ne, da an kawo musu rikoda an ce murya ta dishe, ba za su ko duba datti ba, sai su ɗauki sukurdireba su hau murɗa ɗan notin da ke gefen hed har sai kaset ɗin da ke hannunsu ya yi daɗi a kunnensu. Daga ranar duk abin da aka ɗauka da wannan rikoda a karkace yake. Mafi muninsu su ne na yanzu masu cewa suna juya kaset zuwa memori. Wani zai kunna kaset a rediyo, ya kara waya a bakin lasifika, hayaniyar shago da ƙarar janareto da hirar masu wucewa duk su shiga, ya matse abin ya zama ƙaramin MP3, ya miƙo maka. Zaren ya tsinke a hannunsa ya liƙe da salatif, wanda gam ɗinsa ke narkewa ya bi falle goma ya manne su. Sannan ya ce ai kaset ɗin ba shi da sauran amfani, a bar masa ko a zubar. Muryar uban mutum fa, wadda babu inda za a sake samo ta! Karatun malamai nawa, waƙen biki nawa, saƙon murya nawa da ƴan'uwa suka aiko daga Makka da Sudan zamanin da babu waya, suka salwanta ta wannan hanyar? Idan wani ne ya juye maka waɗannan biyun, ka fara tambayarsa yadda ya yi, don wataƙila muryar da kake ji ta mai sayen batir ce a shagonsa.

Akwai kuma maganar ɗauka a kan ɗauka. Iyayenmu ba sa zubar da kaset, na waƙa ko na wa'azi sai a toshe ramin kunnen da takarda a ɗora karatu a kai. Ƙananan rikodoji masu araha da yawa ɗan maganaɗisu kawai ke gare su na shafewa, ba ya shafewa tas, balle idan zaren irin mai tauri ne da aka rubuta wa Chrome ko Metal a jiki. Tsohuwar muryar sai ta rage can ƙasa. Alamarta ita ce tana tafiya gaba daidai, ba ta da alaƙa da abin da Baba ke faɗi, kuma takan fito fili a farkon kaset ko a inda aka tsayar aka ci gaba. Ka duba takardar jikin kaset ɗin, ko akwai tsohon rubutu da aka soke.

Wani gwajin da nake so ka yi kafin komai: ka kunna wuri ɗaya sau uku. Idan muryar tana dawowa a daidai wurin, da kalma ɗaya, to a jikin zare take. Idan tana canzawa, ko tana nan ko da ka danna Pause, to ba daga kaset take ba, kebul ɗinka ne ya zama eriya yana kamo tashar rediyo mai matsakaici ko gajeren zango. Doguwar waya mara rufi mai kyau tana yin haka, musamman da dare. Ka sa gajeriya, kada ta wuce mita ɗaya. Ka nisantar da wayar hannu, ita ce mai kawo wannan tit-tiri-tit ɗin. Ka kuma tabbata kwamfutar ba makirufonta na jiki take ɗauka ba, don mutane da yawa sun ɗauki muryar iyalinsu a tsakar gida ba su sani ba.

Ban ce babu aljanu ba, Alƙur'ani ya tabbatar da su, kuma addu'a ba ta taɓa zama asara ba. Amma wanda ya ce maka mamaci ne ke magana ta kaset, ka tambaye shi hujjarsa. Wannan zancen ma daga Turai ya yaɗu. A 1959 wani mai zane a Sweden, Friedrich Jürgenson, yana ɗaukar kukan tsuntsaye ya ce ya ji muryoyi a zarensa, daga baya Konstantin Raudive ɗan Latbiya ya tara dubban irin waɗannan ɗaukar ya ce matattu ne. Abin da aka yi ta lura da shi shi ne, mai sauraro yakan ji kalmar ne bayan an gaya masa abin da zai ji. Kunnen ɗan Adam haka yake, yana ƙera magana daga shuuu, kamar yadda ido ke ganin fuska a jikin gajimare, balle kunnen mai kewa. Ka gwada: ka kunna wa mutum uku wurin, kowa shi kaɗai, kada ka gaya musu komai, kowa ya rubuta abin da ya ji. In amsoshin suka bambanta ka samu amsarka.

To yanzu juyewar kanta, don ina ganin sai ka sake ta daga farko. Ka nemi dek na gaske, wato babbar na'urar kunna kaset, mai ramukan Line Out, ja da fari, ko na hannu ne in dai lafiyarsa ƙalau. Ƴan ƙananan nan masu USB da ake sayarwa da araha suna aiki, amma gudunsu yana rawa, murya ta riƙa lilo. Kafin ka sa kaset ɗin Baba, ka gwada shi da wanda ba ka damu da shi ba, ka ga ko yana cin zare. Ka samu sifirit na isopropyl mai kashi 90 ko sama, da ƴar sandar auduga, ka goge hed, da siririn ƙarfen da ke jan zare, da tayar robar da ke matse shi, har audugar ta daina fitowa da ruwan ƙasa. Ka bari ya bushe minti biyar. Idan tayar ta yi santsi ko ta ƙandare, ko bel ya saki, a canza, su ne masu tauna zare. Ka leƙa bakin kaset ɗin ta ƙasa, akwai ɗan soso a tsakiya mai danna zare a jikin hed. Idan ya faɗi murya za ta dishe ta riƙa ɓacewa tana dawowa. Ka sa biro mai kusurwa shida a ramin ka juya da hannu ka ji ko yana tafiya sumul. In ya cije, a kwance notuna biyar na jikinsa a mayar da zaren cikin kwanson wani kaset mai lafiya. In ka ga farar funfuna a gefen naɗin, kada ka kunna shi, zai ɓata hed ya shafa wa sauran.

Daga dek zuwa kwamfuta: babbar kwamfutar tebur tana da rami shuɗi, shi ne Line In, nan za ka sa. Mai ruwan hoda na makirufo ne, ƙarfin dek ya fi ƙarfinsa, murya za ta fashe. Laftof ɗin yanzu rami ɗaya gare su, na iyafis da makirufo a haɗe, bai dace ba sam. Ka sayi ɗan akwatin sauti na USB, irin Behringer UCA202 ko makamancinsa. A Audacity, wadda kyauta ce, ka zaɓi akwatin a matsayin mashiga, layi biyu, 48000 Hz da 24-bit idan na'urarka ta iya, in ba ta iya ba 44100 Hz da 16-bit ya wadatar. Ka nemi wurin da Baba ya fi ɗaga murya ka saita ma'auni kada ya wuce -6 dB. Abin da ya fashe a wajen ɗauka ba ya gyaruwa. Ka shiga saitin sauti na Windows ka kashe duk wani abu mai suna Enhancements. Idan ka ji gunji mai kauri, wutar gida ce mai 50 Hz, ka zare cajar laftof ɗin ya yi aiki da batirinsa. Kada ka juye da wutar ƙaramin janareto in kana da zaɓi.

Af, na manta da batir. Idan an ɗauki karatun da rikodar da batirinta ya yi sanyi, zaren ya tafi a hankali a lokacin, yanzu da ka kunna da gudu daidai murya za ta yi sauri ta sirance kamar ta yaro ko ta mace. Wannan ma ya tsorata mutane. Ana gyara shi a Audacity da Change Speed, wanda yanzu ake kira Change Speed and Pitch, ka yi ta ragewa kaɗan-kaɗan har ka ji Baba kamar yadda ka san shi.

Shi wannan notin na hed da na yi ƙorafi a kansa, akwai halin da ake taɓa shi, amma a dek ɗinka na juyewa kawai. Ka yi masa alama da biro inda yake, ka mayar da sauti mono, wato layi ɗaya, ka murɗa kaɗan, bai fi kwata ba, hagu ko dama, har ka ji harafin sa da sha sun fito tar. Ka gama ka mayar da shi wurin alamar. Maɓallin Dolby, mai rage shuuu ɗin kaset, ka bar shi a kashe, sai in an rubuta a jikin kaset cewa da shi aka ɗauka, abin da da wuya a rikodar zaure.

Ka juye kowane gefe daga farko har ƙarshe ba tsayawa, ka ajiye shi WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ɗanye, da shuuu ɗinsa da muryar da ta tsorata ka da komai. Minti ɗaya yana cin kusan megabayit 10 a 44100 Hz, wato C90 guda ya kusa gigabayit ɗaya. Wannan kwafin ba a taɓa shi. Ka yi wani ka yi gyare-gyarenka a kai. Kuma ka yi hattara da Noise Reduction, idan ka cika masa hannu shi da kansa yake haifar da wani gurgura kamar ana raɗa a cikin ruwa, har ka rantse mutane ne. Tsakanin 6 zuwa 9 dB ya isa. Turawa ta WhatsApp a matsayin saƙon murya ma tana ƙara irin wannan, ka tura wa ƴan'uwa a matsayin Document.

Ka ajiye kwafi a wuri uku, kwamfuta da filash da gidan wani ɗan'uwa. Su kuma kaset ɗin ka jera su a tsaye cikin kwansonsu, a ɗaki mai sanyi, nesa da lasifika da ƙurar hunturu. Ka turo mana sakan talatin na wurin da muryar take, tare da sunan dek ɗin da ka yi aiki da shi da abin da aka rubuta a jikin kaset ɗin, C60 ne ko C90, mu saurara tare.